Wa Zai Zana Wa Sakkwato Inuwa?

A wata majalisa da ke bakin titi a cikin garin Sakkwato, aka gaya wa wani dattijo cewa ɗan ƙanensa na son karanta ilimin tsara fili da shuke-shuke. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ashe yanzu har jami'a ake zuwa koyon shuka fulawa? Ku kai shi wurin gadina mana, wata uku ya ishe shi." Aka yi dariya aka wuce. Maganar ta tsaya mini a rai, domin majalisar kanta a gindin dogon yaro take, kuma ba don iccen nan ba, babu mai iya zama a wurin da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu.

Ra'ayina a fili yake. Tsara fili karatu ne na gaske, sana'a ce da za ta ci da mutum, kuma Sakkwato ta fi Abuja da Legas buƙatar masu ita. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ruwan samansa bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, shi ma duk a cikin wata huɗu yake zuba, bai kamata ya bar maganar inuwa da hanyar ruwa a hannun dace ba. Sharaɗi ɗaya ne: yaron ya karanta shi don ƙasar nan, kada ya kwaso hoton lambun Ingila ya ce sai ya dasa shi a Arkilla.

Aikin da ake magana a kai

Mai zanen gini yana zana abin da ke ƙarƙashin rufi. Abin da ya rage a waje na mai tsara fili ne: tsakar gida, harabar masallaci, filin makaranta, gefen titi, shataletale, maƙabarta, bakin gulbi. Shi ke faɗin inda ruwan sama zai bi, inda inuwa za ta faɗi da la'asar, inda mota za ta tsaya, da iccen da zai rayu a wannan ƙasar ba tare da ya tsaga katanga bayan shekara goma ba. Fulawa ce ta ƙarshe a lissafinsa, wani aikin ma babu ita sam.

"Ai aikin gadina ne"

Gadina mai sana'a ne, kuma hannunsa ya fi na sabon ɗan jami'a sanin dashe. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi a filayenmu an riga an yi ta kafin a kira shi.

A ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Abu na farko da wanda ya karanta aikin zai yi shi ne awon gangara, ko da tiyon ruwa irin na magina ne. Ƙasar da ke jikin gini dole ta gangara waje da santimita 5 a kowace mita, aƙalla tsawon mita uku. In ba a yi haka ba, ruwan damina zai kwanta a gindin bango, danshi ya hau, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba. Mai gida zai ta zagin siminti, alhali laifin na gangara ne.

Na biyu, gwajin ƙasa. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa a duba agogo. In jigawa ce, kafin a jima ya shanye. In ruwan ya kwana a ramin, to akwai laka ko marmara a ƙasa, kuma duk iccen da aka dasa a ƙaramin rami a nan kamar an sa shi cikin tukunya ne: da damina saiwarsa ta ruɓe, da rani ta kasa nutsawa neman laima. Irin wannan wuri sai an faɗaɗa ramin ya kai mita ɗaya, an fasa marmarar da diga.

Na uku, rana. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. Saboda haka iccen inuwa na farko a yamma da ɗakin kwana ake sa shi, ba a ƙofar gida inda baƙi za su gani ba. Amma da tazara. Dogon yaro yana son mita biyar zuwa shida tsakaninsa da fandisho. Ceɗiya da durumi, masu saiwar da ke bin ƙanshin ruwa, kada su kusanci sokawe ko bututun ruwa da ƙasa da mita goma. Iccen turare kuwa, mai zuƙar ruwa da yar da rassa in iska ta taso, ba a yi masa wuri kusa da rijiya ko inda ake ajiye mota.

Sai ramin dashe. Santimita 60 ta kowace fuska. A ware ƙasar sama daban, a gauraya kashi biyu nata da kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ya kuma gayyato gara. A yanke ledar dashen a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta naɗe a gindin leda a datse naɗin, in ba haka ba iccen zai shaƙe kansa bayan 'yan shekaru. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, kada a binne shi. A yi masa ɗan gurbi na tara ruwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, amma kada ta taɓa jikin iccen. Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba ya ɗora wa kansa ban-ruwan wata takwas kafin saiwa ta kama.

Duk wannan ba fulawa a ciki, kuma rabinsa lissafi ne.

"Garin da ba ruwan sha ne zai shayar da ciyawa?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma masu ita suna da gaskiya rabi. Unguwanni da dama a Sakkwato da 'yan ga-ruwa suka dogara. Shimfiɗa koren ciyawa a irin wannan gari almubazzaranci ne, kuma lissafi ya nuna haka. A tsakiyar bazara, kowace murabba'in mita ta ciyawa tana shan kusan lita 8 a rana. Fili mai mita 10 da 10 zai sha lita 800, wato jarka 32 masu lita 25, kullum.

Yanzu a kwatanta. Ƙaramin icce yana buƙatar lita 20 sau uku a mako a raninsa na farko. Itatuwa goma, lita 600 a mako. Abin da ciyawar nan ke sha a yini ɗaya ya fi abin da itatuwa goma ke sha a kwana bakwai. Bayan rani biyu, in irin na ƙasar nan ne kamar tsamiya, kurna, aduwa ko gawo, sun daina jiran kowa. Ciyawar kuwa har abada tana jiran tiyo.

Wanda bai karanta aikin ba shi ke sayar wa mai gida ciyawa, domin ita ce ke fitowa da kyau a hoto. Wanda ya karanta zai ce a bar ta, ko a rage ta zuwa ɗan wurin da yara za su zauna, a sa ƙiri-ƙiri mai jure fari.

Akwai kuma ruwan da muke zubarwa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 150, a shekarar da aka samu milimita 600, ya tara lita 90,000. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura lita 72,000. A yau mafi yawan sababbin gidaje suna shafe tsakar gida da intalok ko siminti daga bango zuwa bango, indararo ya zuba a kai, ruwan ya fita ta kwata ya hau titi. Gida ɗari sun yi haka, sai unguwar da ke gangare ta kwana cikin ruwa. Mutanen unguwar Mabera ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Mai tsara fili zai karkata indararon zuwa tanki, rarar ta bi ɗan kwari mai zurfin santimita 15 zuwa 20 zuwa gindin itatuwa, nesa da fandisho, ƙasa ta shanye abinta.

Ban-ruwa na ɗigo ma ya zo mana, ga hasken rana na tura famfo. Abin da ke kashe shi a nan guda biyu ne: rashin matata a bakin tanki, sai yashi ya toshe ƙofofin ɗigon, da barin bututu a fili rana ta gasa shi. Inda babu kuɗin wannan, tulun ƙasa da ba a shafe ba, a binne shi zuwa wuya kusa da dashe, a cika shi a rufe bakinsa, yana yin aikin.

"Kayan Turawa ne da masu kuɗi"

Duk alhajin da ya tsaya a Arfa ya ga dogon yaro jere a filin, an dasa shi da gangan ana ba shi ruwa don mahajjata su sami inuwa. A Alƙahira, lambun Al-Azhar da aka buɗe a 2005 an yi shi ne a kan jujin da ya shekara ɗaruruwa ana zuba masa shara. Hadisi kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Ba ma sai an je nesa ba. A saurari sunayen garin nan: Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kaɗe, Gawon Nama, Giginya. Duk sunayen itatuwa ne. Manomin da ke shinge gonarsa da aguwa ya san akuya ba ta cinta, ya san a ƙarshen rani ake kafa rassanta kafin ruwa ya sauka. Wanda ya bar gawo a tsakiyar gona ya san yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya tofo da rani lokacin da ake neman inuwa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Karatun jami'a yana ɗora awo da zane a kan wannan sanin ne. Yana kuma ƙara abin da manomi bai buƙaci tunaninsa ba, misali cewa ruwan aguwa na cutar da ido, don haka ba a shingen makarantar ƙananan yara da ita, sai dai lalle, a dasa shi da tazarar santimita 40 a riƙa aske shi.

Maganar masu kuɗi kuma, mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Mai jiran Keke Napep a bakin titi, da ɗalibar da ke tsaye a layin asamble, da mai jinya da ke kwana a harabar asibiti, su ne rashin inuwa ke ci.

"To ina aikin yake?"

A nan ya kamata a gaya wa yaro gaskiya. Ba a cika tallata gurbin aikin gwamnati da sunan mai tsara fili ba. Wanda ke son ya gama ya zauna jiran takardar ɗaukar aiki, ya nemi wani karatun.

Amma aiki yana nan, sunansa ne ke canzawa. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya, har da Sakkwato, kuma tun 2015 akwai hukumar tarayya da ke kula da shi. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka suna neman wanda ya iya karanta taswira, ya san cewa shingen itatuwa na tare iska ana gitta shi ne ga iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas, ya san layi uku zuwa biyar ake yi, ya san ba a cushe shi kamar katanga domin iska za ta haura ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Shingen da ya yi daidai yana kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsayinsa. A Gada da Illela da Tangaza, inda rairayi ke cin gonaki, wannan ba ado ba ne.

Da an tsallaka Illela an shiga Ƙwanni, a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar, manoma Hausawa irinmu sun farfaɗo da faƙo da ramukan tassa da rabin-wata, masu tare ruwan sama a inda ya faɗi. A Maraɗi kuma, tun shekarun 1980, sun koma renon kututturan da ke tofowa a gona maimakon sassabe su. Ɗalibin Sakkwato yana da makaranta a maƙwabta, da harshen da yake ji.

A cikin gari, ga makarantu masu zaman kansu, otal-otal, gidajen mai, wuraren biki, rukunin gidaje, da masu gina gida a Bado da Gwiwa da hanyar Kalambaina. Ga gandun renon dashe, wanda shi ne ke riƙe mai sana'ar a watannin da babu kwangila. A fara cika leda a Maris ko Afrilu, dashe ya isa sayarwa a Yuli.

'Yan mata ma su duba. Gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" suna da tsakar gida, kuma matan da ke yini a cikinta su suka san inda rana ke dukan madafa da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Mace mai wannan ilimi za ta shiga ta auna, ta karkata ruwan wanka da alwala zuwa gindin zogale da gwaiba da lemu. Namiji sai dai a kwatanta masa daga zaure.

Ta ina ake shiga?

A sakandare a riƙe lissafi, fizis, kimiyyar halittu ko aikin gona, labarin ƙasa, da zanen fasaha in makarantar na koyarwa. Daga nan ƙofa uku ce.

Ƙofar zanen gini: a yi digirin farko a kansa, sannan digiri na biyu a tsara fili, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas ke bayarwa. Wannan ita ce hanya mafi tsawo, ita ce kuma ke kai mutum ga manyan ayyuka. Rauninta, ɗalibi kan fito ya iya zane amma bai bambance marke da madaci ba.

Ƙofar gandun daji da aikin gona: tana nan gida a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos da Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya a Daɗin Kowa, jihar Gombe. Mai bin nan zai san icce da ƙasa, amma dole ya nemi zane da kansa a manhajojin kwamfuta: AutoCAD, SketchUp, da QGIS wadda kyauta ake sauke ta.

Ƙofa ta uku ita ce tsara birane, ko awon ƙasa. Kowace aka bi, rabin da ya ɓace sai an cike shi a waje. Watannin koyon aiki da makaranta ke turawa, a yi su a gandun reno ko wurin gini, kada a ɓata su a ofis ana jiran sa hannu. A riƙe littafi guda, a rubuta kowane icce da sunansa na Hausa da na kimiyya, watan da yake fure, watan da yake zubar da ganye, faɗin inuwarsa, da abin da ke kashe shi. Madaci, misali, inuwarsa ba ta da na biyu a bakin titi, amma masu neman magani suna sassaƙe ɓawonsa, in sassaƙar ta zagaye gindin ya mutu. Wanda ya san haka zai sa kariyar gindi cikin lissafi tun farko.

Aikin farko na nuna wa mutane, a nemi harabar masallacin unguwa ko makarantar firamare. A auna, a zana, a dasa, a ɗauki hoto kafin da bayan rani biyu. Hoton bayan rani biyu shi ke kawo ciniki, domin kowa na iya nuna kore a watan Agusta.

Inda sana'ar ke ciwo

Mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zane ba. Mai gida zai karɓi takarda ya ce zai yi shawara, ya miƙa wa lebura. Maganinsa a raba farashi gida huɗu a rubuce: awo da zane, kaya, aikin hannu, da kulawa. Kada cikakken zane mai awo ya bar hannu sai an biya kuɗinsa. Rashin tsaro a gabashin jihar ma ya taƙaita zuwa daji, ba kuma abin da za a ɓoye wa ɗalibi ba ne.

Ciwo mafi girma shi ne yadda ake ba da kwangilar dashe. Kowace damina ana bikin dasa itatuwa, a ƙirga dubbai, a ɗauki hoto. Zuwa Maris sai tsinke a tsaye, ko ramin da akuya ta gama da shi. An biya kuɗin dasawa, ba a biya na rayarwa ba. An dasa a ƙarƙashin wayar lantarki, in ma ya rayu a zo a guntule shi. An jera su mita biyu-biyu don adadi ya yi yawa, alhali iccen inuwa na titi mita takwas yake so.

Hukumomi da masu makarantu da kwamitocin masallatai za su iya gyara wannan da sharaɗi ɗaya a takardar kwangila. A riƙe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin, a ce sai an zo an ƙirga masu rai a ƙarshen Mayu na shekara mai zuwa, bayan sun sha hunturu da bazara, duk wanda ya mutu ɗan kwangila ya maye shi daga aljihunsa. A rubuta kejin kariya mai tsayin mita ɗaya da rabi ga kowane dashe, a rubuta sunan mai ban-ruwa da inda zai ɗebo ruwan. Ranar da aka fara rubuta haka, ɗan kwangilar da bai san ƙasa da icce ba dole ya nemo wanda ya sani ya biya shi, kuma yaron da aka yi wa dariya a majalisa shi za a je nema.